Maitokondiriyar da Cajinta Ya Faɗi: Nazarin Gwajin Bethesda na 2008

A ƙarshen shekarar 2008 mujallar Journal of Cell Biology ta buga sakamakon wani gwaji daga ɗakin binciken Richard Youle, a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka da ke Bethesda, jihar Maryland. Wanda ya fi sa hannu a aikin ɗalibi ne mai suna Derek Narendra. Gwajin ba shi da wani kayan aiki na a zo a gani. Sun ɗauki ƙwayoyin halitta na ɗan Adam, waɗanda ɗaliban kimiyya ke kira sel, daga irin nan na HeLa da ake renonsu a kwano tun 1951. Suka sa musu wani furotin mai suna Parkin, bayan sun liƙa masa wani furotin mai ƙyalli don a riƙa ganinsa a madubin ƙara girma. Da farko ƙyallin a baje yake ko'ina cikin ruwan sel, babu inda ya fi wani wuri haske. Sai suka ɗiga wani sinadari da ake kira CCCP. Cikin awa guda ƙyallin ya tattare, ya koma ɗigo-ɗigo masu haske, kuma kowane ɗigo a kan maitokondiriya yake zaune, wato 'yar gaɓar nan da ke cikin sel mai samar masa da makamashi. Suka bar kwanon ya kwana ɗaya, ya kwana biyu. Da aka sake dubawa, a yawancin sel ɗin da ke ɗauke da Parkin an nemi maitokondiriya an rasa. Maƙwabtansu da ba su da Parkin, a kwano ɗaya, cikin guba ɗaya, nasu suna nan.

Aikin da ake so CCCP ya yi a wannan gwaji guda ne: ya zubar da cajin lantarkin da ke jikin tantanin maitokondiriya. Don haka tambayar da gwajin ya tayar ita ce, ta yaya sel yake gane cewa cajin wata maitokondiriya ya faɗi, har ya ware ta daga cikin ɗaruruwan 'yan'uwanta ya cinye ta?

Cajin da ake magana a kai

Maitokondiriya tana da tantani biyu, na waje da na ciki. A jikin na cikin ne ake ƙona abin da muka ci tare da iskar da muka shaƙa. Yayin ƙonawar, wasu manyan furotin uku da ke jere a jikin tantanin suna tura ƙwayoyin haidirojin masu caji daga ciki zuwa waje. Ciki sai ya zama yana da ƙarancin caji, waje yana da yawa, bambancin ya kai milibolt 150 zuwa 180. Adadin ƙarami ne a ido, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na bolt guda ba. Amma kaurin tantanin bai fi nanomita 5 ko ɗan sama da haka ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma idan aka raba wannan da wancan, ƙarfin ya kai kimanin bolt miliyan 30 a kowace mita. Haidirojin da aka tura waje yana matsawa ya koma ciki, hanyar da aka bar masa kuwa ita ce ta cikin furotin mai haɗa ATP, makamashin da duk wani aikin sel ke ci. Baturen Ingila Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, aka daɗe ana musu da shi, sai a 1978 aka ba shi kyautar Nobel a kai.

Abin da ba a cika koyarwa a aji ba shi ne cajin nan yana da aiki na biyu. Maitokondiriya tana buƙatar furotin iri fiye da 1,000, amma 13 kacal take iya ƙerawa da kanta. Sauran duk a waje ake yin su, a shigo mata da yawancinsu ta ƙofofi biyu: TOM a tantanin waje, TIM23 a na ciki. Yawancin masu bin wannan hanya suna da ɗan kai mai caji irin na waje, kuma ƙarancin cajin ciki ne ke fizgo kan nan ta ƙofa ta biyu. Idan caji ya faɗi, shigo da kaya ya tsaya cik. A nan ne amsar tambayarmu take kwance, amma sai da aka ƙara shekara biyu kafin a gan ta.

Shi kuwa cin da sel ke yi wa kayan cikinsa, wato otofaji, tsohon sani ne. Christian de Duve ya raɗa masa suna a 1963, Yoshinori Ohsumi na Japan ya gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da shi a cikin yisti a farkon shekarun 1990. Wani tantani mai ninki biyu ne ke tasowa ya lulluɓe abin da za a zubar, ya rufe, ya kai shi ga laisosom, jakar nan mai tsami da ke narkar da komai. An daɗe ana ɗaukarsa aikin yunwa, wanda ba ya zaɓe. John Lemasters na daga cikin waɗanda suka nace cewa akwai zaɓe, domin a 2001 shi da abokan aikinsa sun ga maitokondiriyar hantar ɓera tana rasa caji kafin a haɗiye ta. A farkon 2008 kuma ɗakin binciken Orian Shirihai a Boston ya nuna cewa idan maitokondiriya ta rabu biyu, sau da yawa ɗaya takan fito da caji mai kyau, ɗayar da rauni, kuma mai raunin ba ta cika komawa ta haɗe da sauran ba, ita ce otofaji ke ɗauka. An ga zaɓen, ba a ga mai zaɓen ba.

Yadda cutar Parkinson ta shigo maganar

Parkin ba daga binciken otofaji ya fito ba, daga asibiti ya fito. A 1998 likitoci da masu bincike a Tokyo suka gano cewa wasu iyalan Japan da cutar Parkinson, ciwon ƙwaƙwalwa mai sa karkarwa da sandarewar jiki, ke kama 'ya'yansu tun suna samari sun gaji lalatacciyar ƙwayar gado ɗaya daga uwa da uba duka. Ita ce aka kira Parkin. A 2001 Enza Maria Valente da abokan aikinta suka bi diddigin wani babban iyali daga Marsala a tsibirin Sisili na Italiya, inda mutum huɗu ke da cutar, suka gano cewa tasu matsalar a wani wuri daban take. A 2004 suka kama ta: ƙwayar gadon wani furotin mai suna PINK1. Daga baya an same ta a iyalai na ƙasashe da yawa, har da wani iyali a Sudan da aka ba da rahotonsa a 2009. Irin wannan gado, da sai an samu daga ɓangare biyu, ya fi bayyana inda auren zumunci ya yawaita.

Dama akwai zargi a kan maitokondiriya. A 1982 wasu matasa masu shan ƙwaya a Kalifoniya sun wayi gari jikinsu ya sandare kamar tsofaffin masu Parkinson, likita William Langston ya gano cewa gurɓataccen sinadari ne mai suna MPTP, wanda a ƙwaƙwalwa yake rikiɗa ya zama gubar da ke toshe na farko cikin furotin ukun nan masu tura haidirojin. Abin takaici, cajin maitokondiriyar ne da kansa ke jawo gubar zuwa ciki.

Ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace ne suka haɗa zaren. Ƙudan da aka cire wa Parkin, kamar yadda Leo Pallanck ya nuna a 2003, tsokar fiffikensa takan lalace, namijin ba ya haihuwa, maitokondiriyarsa a kumbure. A 2006 ɗakunan bincike uku, biyu a Amurka ɗaya a Koriya ta Kudu, suka ga cewa cire PINK1 yana haifar da lahani iri ɗaya sak. Ƙarin Parkin yana gyara rashin PINK1, amma ƙarin PINK1 ba ya gyara rashin Parkin. Ma'ana hanyarsu ɗaya, PINK1 ne a gaba. Sai dai akwai wani ƙulli: PINK1 na maitokondiriya ne, Parkin kuwa kowa ya duba a ruwan sel yake ganinsa. Ina suke haɗuwa? Wannan ne Narendra ya amsa. Masu dubawa sun kasance suna duba lafiyayyun sel ne, inda babu abin da zai kira Parkin.

Abin da ya sa aka yarda da gwajin

Mai suka zai iya cewa an zuba guba, komai ya rikice, Parkin ya faɗa inda ya faɗa. Ƙarfin aikin yana cikin yadda suka toshe wannan kafa. Sun nemo sel ɗin ɓera da aka cire wa furotin biyu masu haɗe maitokondiriya da juna. A irin waɗannan, ba tare da an ɗiga komai ba, akan samu wasu maitokondiriya da caji, wasu babu, gefe da gefe a sel ɗaya. Da rini mai shiga maitokondiriya gwargwadon cajinta suka bambance su, sai ga Parkin ya fi sauka a kan waɗanda rinin bai kama ba, ya tsallake masu haske. Ke nan zaɓen ɗaya bayan ɗaya ake yinsa, ba hukuncin gari ɗaya ba ne.

Sannan suka tabbatar cewa otofaji ne ke yin cin. A sel ɗin da ba su da ATG5, ƙwayar gadon da ba a gina tantanin lulluɓewa sai da ita, Parkin ya sauka kamar kullum amma maitokondiriya ta ƙi ɓacewa. Haka aka gani da aka hana laisosom tsaminsa.

Ɗan aiken da ake kashewa kullum

A 2010 ɗakunan bincike huɗu, na Youle, na Noriyuki Matsuda da Keiji Tanaka a Tokyo, da wasu a Tübingen ta Jamus da New York, suka nuna cewa in babu PINK1, Parkin ba ya motsawa ko da caji ya zube ƙasa warwas. Yadda PINK1 ke gane faɗuwar cajin ne, a ganina, ya fi komai ban sha'awa a wannan lamari, domin ba shi da wani ma'auni da yake auna lantarki da shi.

Sel yana ƙera PINK1 ba dare ba rana, yana aika shi ga kowace maitokondiriya. A mai lafiya, kansa yakan bi ta TOM, caji ya fizge shi ta TIM23. Da shigarsa wani almakashin furotin da ke cikin tantanin ciki, mai suna PARL, ya datse shi tsakanin amino asid na 103 da na 104, wato tubalan da ake jerawa a gina furotin. Guntun da ya rage ya zame ya koma ruwan sel, inda injin niƙa furotin ke gane sabon bakin yankan ya niƙe shi. Duk wannan cikin mintoci ne. Shi ya sa masu bincike suka sha wahalar ganin PINK1 a lafiyayyen sel, ana yinsa ana kashe shi. Amma a maitokondiriyar da cajinta ya faɗi, babu mai fizgarsa. Sai ya maƙale a ƙofar waje, almakashi bai kai gare shi ba, na bayansa ya zo ya tarar da shi, su taru.

Kamar tsoho ne da ke zaune shi kaɗai, maƙwabta na ajiye masa kwanon tuwo a bakin ƙofa kowane dare. Ba sai wani ya shiga ya taɓa jikinsa ba. Muddin ana wayar gari a ga babu kwano a waje, lafiya lau. Ranar da aka ga kwanoni uku a jere ba a taɓa ba, unguwa ta san abin da ake ciki.

Dabarar tana da tsada, tunda ana ɓarnar furotin kullum don kawai a gwada ƙofa. Ribarta ita ce kowace maitokondiriya ana jarraba ta ita kaɗai, kuma a kowane lokaci. Tana kuma da hanyar janye ƙara. Idan aka wanke CCCP daga kwano caji ya dawo, PINK1 da ya taru yakan shige ciki a yanke shi, nan da nan ya ɓace.

Abin da ke biyo bayan taruwar ya ɗauki wasu shekaru biyar kafin a warware. PINK1 inzayim ne, wato furotin mai tafiyar da aikin sinadari, kuma nasa aikin shi ne liƙa wa wasu furotin wata 'yar alama da ake kira fosfet. A 2012 Miratul Muqit a Dundee ta Sukotilan ya nuna yana liƙa wa Parkin fosfet a amino asid na 65. A 2014 ɗakunan Youle, Muqit da Matsuda, kowanne da kansa, suka gano abin da ba wanda ya zata: yana liƙa wa yubikwitin ma, a nasa wuri na 65. Yubikwitin ɗan ƙaramin furotin ne mai amino asid 76 da sel ke rataya wa duk abin da za a zubar. Dama akwai kaɗan daga cikinsa a bayan kowace maitokondiriya. Parkin a ruwan sel a naɗe yake, bakin aikinsa a rufe. Yubikwitin mai fosfet ne ke kama shi ya riƙe, PINK1 ya sa masa nasa fosfet, sai ya buɗe ya shiga rataya sabon yubikwitin a kan furotin ɗin da ke tantanin waje. PINK1 ya sa wa sababbin fosfet, su kira wani Parkin, shi ma ya ƙara. Haka abin ke ninkawa har bayan maitokondiriyar ya cika.

Kafin a haɗiye ta ana killace ta. Mitofusin, furotin da take haɗewa da 'yan'uwanta da shi, yana cikin na farkon da ake niƙewa. Miro, wanda ke ɗaure ta a jikin injinan da ke jan ta cikin sel, shi ma haka, sai ta tsaya wuri ɗaya. Daga ciki kuma faɗuwar cajin ta riga ta sa an yanke OPA1 mai haɗe tantanin ciki. A 2015 Michael Lazarou, a ɗakin Youle, ya cire furotin biyar da ake zargin su ne ke ɗauko tantanin lulluɓewa, ya riƙa mayar da su ɗaya-ɗaya. Biyu ne suka fi ɗaukar nauyin aikin, optineurin da NDP52. Akwai kuma mai ja da baya, USP30, wanda ke zaune a tantanin waje yana tsinke yubikwitin. Saboda shi, ɗan gajeren faɗuwar caji ba ya kai wa ga hukunci. Sai ratayawa ta rinjayi tsinkewa.

Inda gwajin ya gaza

Youle ya samu kyautar Breakthrough ta 2021 a kan wannan aiki, kuma ya cancanta. Amma mai karatu ya kula da abin da aka tabbatar da abin da aka ɗora a kai.

Na farko, HeLa sel ɗin ciwon daji ne. Yana iya rayuwa da fasa sukari kawai, don haka rabuwa da maitokondiriya duka ba ya kashe shi nan take. Ga shi Parkin ɗin da aka sa masa ya ninka abin da ke cikin sel na gaske sau da yawa. Sel ɗin jijiyar ƙwaƙwalwa ba zai iya wannan sakaci ba, kuma da aka gwada CCCP a kansa, ɗakuna da dama sun ga Parkin yana zuwa a makare, a kan 'yan kaɗan, wani lokaci ma bai zo ba. Sai a 2014, da ɗakin Thomas Schwarz a Boston ya lalata 'yan maitokondiriya kaɗan a can ƙarshen zaren jijiya maimakon ya jiƙa sel ɗin duka da guba, aka ga hanyar tana aiki a wurin.

Shi kansa CCCP ba mai ladabi ba ne. Yana huda duk tantanin da ya samu, har da na laisosom. Shi ya sa daga baya aka koma haɗa wasu sinadarai biyu, antimycin da oligomycin, kuma dalilin haɗa su biyun yana koyar da wani abu. Antimycin yana tsayar da tura haidirojin, amma shi kaɗai sau da yawa ba ya zubar da caji sosai, domin furotin mai haɗa ATP yakan juya baya, ya riƙa ƙona ATP ɗin da sel ya samo ta wata hanya yana tura haidirojin waje. Maitokondiriyar da ta daina samarwa ta koma ci, amma cajinta na nan, PINK1 na shiga ana yanke shi kamar babu abin da ya faru. Sai an toshe wannan juyawa da oligomycin asirinta ke tonuwa. Wato caji shaida ce da za a iya sayenta. A gefe guda kuma, a 2013 ɗakin Youle ya nuna cewa idan gurɓatattun furotin suka cunkushe a ciki, PINK1 yakan taru ko da caji bai faɗi ba. Abin da PINK1 ke gwadawa a zahiri shi ne ko ƙofa na karɓar kaya. Faɗuwar caji ita ce babbar hanyar rufe ta, ba ita kaɗai ba.

Mafi nauyin suka daga dabbobi ta fito. Ɓerayen da aka cire wa Parkin ko PINK1 suna tsufa ba tare da sel ɗin dofamin ɗinsu, wato sel ɗin ƙwaƙwalwar da ke mutuwa a cutar Parkinson, sun mutu ba. A 2018 Ian Ganley a Dundee, da wani ɓera da aka ƙera maitokondiriyarsa ta riƙa sauya launi in ta shiga laisosom, ya ga cin maitokondiriya na yau da kullum yana gudana a zuciya da ƙwaƙwalwa, har cikin sel ɗin dofamin, kuma cire PINK1 kusan bai rage shi ba. Akwai wasu hanyoyin da ba su bi ta Parkin. Jan sel na jini, alal misali, yana zubar da maitokondiriyarsa duka yayin nuna ta hanyar wani furotin mai suna NIX.

Wasu sun ɗauki wannan a matsayin rushewar labarin. Ni ban ga haka ba. A 2015 Alicia Pickrell ta haɗa ɓeran da ba shi da Parkin da wani irin da DNA ɗin maitokondiriyarsa ke tara kurakurai. Kowannensu shi kaɗai sel ɗin dofamin ɗinsa lafiya, amma a wanda ya haɗa lahanin biyu, da yawa daga cikinsu sun mutu. A shekarar kuma Wolfdieter Springer da abokan aikinsa suka samu yubikwitin mai fosfet a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu, yana ƙaruwa da shekaru da kuma cutar, babu shi a ta masu lalataccen PINK1. Abin da ya fi dacewa da waɗannan shaidu shi ne hanyar PINK1 da Parkin ba ta sharar kullum ba ce, ta ranar wahala ce. Ɓera a keji shekara biyu yake yi. Sel ɗin dofamin na ɗan Adam ba ya rabuwa balle ya sabunta, yana bugawa ba hutu shekara da shekaru, kuma an ƙiyasta guda ɗaya yana ciyar da mahaɗa fiye da miliyan tsakaninsa da wasu sel ɗin jijiya. Mai irin wannan nauyi ranar wahala ba ta yi masa wuyar zuwa, kuma wanda ya gaji rashin hanyar yakan kai shekara talatin ko arba'in kafin rashin ya nuna.

Kada kuma a manta cewa masu wannan gado 'yan tsiraru ne cikin masu Parkinson. Ɗaya ƙarshen hanyar, wato laisosom, shi ma yana da nasa hannu. A 2023 wani babban bincike da Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas ke cikin jagororinsa, wanda yawancin majinyatan cikinsa 'yan Najeriya ne, ya gano wani sauyi a ƙwayar gadon GBA1 da ke ƙara haɗarin cutar a tsakanin masu asalin Afirka. GBA1 inzayim ɗin laisosom yake samarwa. Ko an rataya wa maitokondiriya alama daidai, sai mai narkarwa yana da ƙarfi aikin zai kammala.

Ta fuskar magani, hankali ya karkata ga sassauta birki maimakon zubar da caji, tunda babu likitan da zai ba majinyaci abin da ke huda tantanin maitokondiriya. Kamfanin Mission Therapeutics na Cambridge ya fara gwajin mataki na farko na wani mai toshe USP30 a jikin mutane a 2024, wasu kuma na neman abin da zai ƙara wa PINK1 kuzari. A watan Maris na 2025 Sylvie Callegari da David Komander a Melbourne ta Ostireliya suka buga hoton PINK1 na ɗan Adam a maƙale a ƙofar TOM, guda biyu rungume da juna, kowanne wutsiyarsa na cikin ramin ƙofar. Da wannan hoto ne masu haɗa magani ke duba inda sauye-sauyen da aka samu a jikin majinyata suka faɗa, da inda ƙaramin sinadari zai iya kamawa.